WA KE RENON 'YA'YANMU A YAU? ƘANANAN YARA, WAYAR HANNU DA TALABIJIN

Jawabin da aka gabatar a Bikin Cika Shekara 50 na Ekklesiya

 

GABATARWA

Kwamitin shirya wannan biki ya ɗora mana nauyin yin magana a kan yadda wayar hannu da talabijin da sauran hanyoyin watsa labarai suke taɓa ƙananan yaranmu, musamman daga haihuwa zuwa shekara biyar, ta wajen koyo, da lafiyar jiki, da kwanciyar rai. Mai yiwuwa wani ya ce, yau ranar murna ce, me ya kawo maganar waya? Dalili kuwa shi ne, jaririn da ke goye a bayan uwarsa a wannan fili, shi ne zai tsaya a nan ya yi jawabi idan Allah ya kai Ekklesiyar nan shekara ɗari. Ba mu ne za mu kai ba, su ne. Saboda haka maganar renonsu maganar jubili ce. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

JIYA DA YAU

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da iyayenmu suka aza harsashin wannan Ekklesiya, ko Jihar Katsina ba a ƙirƙira ba, gama sai a 1987 aka cire ta daga Jihar Kaduna. A ƙauyukanmu na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, akwatin rediyo ɗaya kan ishi gida guda, wani lokaci unguwa guda. Maigida ne ke kunna shi, shi ne kuma ke kashe shi, domin batir kuɗi ne. Ana jin Rediyon Kaduna wanda ya fara aiki a 1962, da Sashen Hausa na BBC wanda ya soma a 1957. Masu bi kuma suna kama gidan rediyon ELWA daga ƙasar Laberiya, da Muryar Bishara wadda ake shirya wa a Jos ana watsawa daga ƙasar Habasha har zuwa 1977. Idan shiri ya ƙare, sai a rufe akwatin da ƙyalle, a koma hira. Yara su kewaye kaka ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ko su fita dandali idan akwai farin wata, maza suna langa, mata suna gaɗa.

Daga baya abubuwa suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya. A shekarun 1990 bidiyo da janareto suka kawo gidajen kallo har cikin ƙauye. A 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. A 2014 aka buɗe tashar Arewa24 mai watsa shiri da Hausa dare da rana. Yau kuwa, da ɗan faifan sola a kan rufi da katin memori wanda aka cika da fina-finai a shagon mai caji ranar kasuwa, gidan kallo ya dawo cikin aljihu. Rediyon da yana da wurin zamansa, yana da lokacinsa, yana kuma da mai iko da shi. Wayar yau tana bin mu gona, tana bin mu wurin cin tuwo, tana bin mu shimfiɗa, har cikin majami'a. Sau da yawa kuma tana ƙarewa a hannun yaron da bai iya ko ɗaura wandonsa ba.

YADDA ƘARAMIN YARO KE KOYO

Ƙwaƙwalwar mutum ta fi saurin girma a shekarunsa na fari, kuma abin da ke gina ta shi ne magana da amsa. Jariri ya yi gwalantu, uwa ta amsa masa. Ya nuna akuya da yatsa, yayarsa ta ce masa akuya ce, ta kwaikwayi kukanta, ya yi dariya, ta sake. A wannan ɗan musayar da muke gani kamar wasa ne yaro ke koyon harshe, da karanta fuskar mutum, da jiran lokacinsa ya yi magana. Waya tana iya yin magana har gari ya waye, amma ba ta duban idon yaro, ba ta kuma san ko ya gane ko bai gane ba.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2003, a Jami'ar Washington ta ƙasar Amurka, wata malama mai suna Patricia Kuhl da abokan aikinta suka ɗauki jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Waɗansu aka haɗa su da masu jin Sinanci suna yi musu wasa da karatu ido da ido har sau 12. Waɗansu kuma aka nuna musu mutanen nan a talabijin suna faɗin irin maganganun. Da aka gwada su, waɗanda suka zauna da mutane sun iya bambanta sautukan Sinanci, waɗanda suka yi kallo kuwa ba su fi jaririn da bai taɓa jin harshen ba. Darasi ɗaya ne, malamai ɗaya, abin da ya bambanta shi ne mutum mai rai a gaban yaro.

Har wa yau, a 2024 an buga wani bincike daga ƙasar Ostareliya a kan gidaje 220. An sa wa yara wata 'yar na'ura a riga mai ƙirga maganar da suke ji da wadda suke yi. Aka tarar yaro ɗan shekara 3 mai kallon kusan awa 3 a rana yana iya rasa jin kalmomi fiye da 1,000 daga bakin manya kowace rana. A ƙasar Japan ma an bi yara fiye da 7,000, aka buga sakamako a 2023, cewa waɗanda suka fi yawan kallo suna 'yan shekara ɗaya sun fi samun jinkirin magana a shekara 2 da shekara 4. Irin wannan bincike ba ya cewa kallo kaɗai ne dalili, gama talauci da ciwo da rashin abinci mai gina jiki duk suna da nasu rabo. Amma lissafin a fili yake. Awoyin da ƙaramin yaro yake a farke kaɗan ne, kuma awar da waya ta cinye ba ta dawowa.

A nan akwai abin da ya kamata mu lura. Ba wayar da ke hannun yaro kaɗai ke hana shi koyo ba, har da wadda ke hannun babba. Uwa tana shayarwa, idon jariri yana kan fuskarta, nata idon yana kan fim ɗin Indiya na fassara. Uba ya dawo daga gona, yaro ya sheƙo da labari a bakinsa, aka ce masa bari in gama jin wannan saƙo. Idan haka ta yi ta faruwa, yaro yakan daina kawo labari. Inda akuyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

LAFIYAR JIKI

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin ko kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallo ya wuce awa ɗaya a rana, idan bai kai ba ma ya fi. Yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla awa 3 a rana. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da barcin rana. Bari mu dubi abu uku.

Na fari, barci. Idan duhu ya yi, jikin mutum yakan fitar da wani sinadari mai kawo barci, ana ce da shi melatonin. Haske da dare yana rage shi, idon ƙaramin yaro kuma ya fi na babba jin haske. Ban da haka, fim mai gudu da faɗa yana tayar da hankali a daidai lokacin da ya kamata ya kwanta. Yawancinmu ɗaki ɗaya muke kwana da ƙananan yara, don haka idan babba yana kallo har tsakar dare, ku sani ba shi kaɗai ke kallo ba. Yaron da bai ƙoshi da barci ba yakan tashi da rigima, ya yi gyangyaɗi a aji, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Na biyu, ido. Duban abu kusa-kusa na dogon lokaci tare da ƙarancin fita waje yana da nasaba da ciwon rashin hangen nesa. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na waɗansu makarantu minti 40 na wasa a waje kowace rana har shekara 3. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna kimanin 30 cikin 100 daga cikinsu suka sami ciwon, alhali a makarantun da ba a ƙara ba kusan 40 cikin 100 ne. Hasken rana da muke da shi kyauta magani ne.

Na uku, abinci da fushi. Yaron da ba ya buɗe baki sai an kunna masa waya ba ya koyon sanin yunwa da ƙoshi. Wanda kuma duk sa'ad da ya yi kuka ake miƙa masa waya ba ya koyon haɗiye fushinsa da kansa. Yau an sami shiru, gobe kukan zai fi na yau, gama ya gane abin da kuka ke sayowa.

TSORON DA KE SHIGA TA IDO DA KUNNE

'Yan'uwa ƙaunatattu, yanzu mun zo wurin da ya fi taɓa mu mutanen wannan yanki. Masu bincike na ƙasashen waje suna damuwa da zane mai motsi da wasannin waya. Mu kuwa abin da ke cikin wayoyinmu ya fi haka nauyi.

Ba wanda zai manta daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Muna godiya ga Allah an sako su ranar 17 ga watan. A cikin kwanakin nan shida, hoton bidiyon yaran a daji ya zaga waya zuwa waya, an kalle shi a zaure, an kalle shi a tsakar gida, ƙananan yara suna leƙe ta kafaɗar manya. A watan Yuni na 2020 ma an kai hari Kadisau ta ƙasar Faskari. Kafin nan da bayan nan, hotunan gawawwaki da na gidajen da aka ƙone, da muryoyin waɗanda aka sace suna kuka, sun yi ta yawo a WhatsApp da Facebook, ana kunna su da ƙarfi domin kowa ya ji.

Babba ya san abin da yake kallo ya faru jiya, a wani gari. Ɗan shekara uku ko huɗu bai san nisa ba, bai san jiya da yau a cikin hoto ba. Idan ya ga bidiyo ɗaya sau biyar, a wurinsa an kawo hari sau biyar ke nan, kuma a bayan gidansu. Bayan harin bam na birnin Boston a Amurka a 2013, masu bincike sun tarar mutanen da suka yi ta kallon labarin awa 6 ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgita a kan waɗanda suke wurin da abin ya faru. Manya ke nan, balle yaro.

Ƙaramin yaro ba zai ce mana yana jin tsoro ba, jikinsa ne zai faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Yana firgita cikin barci. Ba ya yarda uwarsa ta je ko bakin rijiya. Yana kukan ciwon ciki ba zazzaɓi. Ƙarar babur ta sa ya ruga ƙarƙashin gado. Wani kuma ya ɗauki karan dawa ya mai da shi bindiga, ya tasa ƙannensa gaba yana neman kuɗin fansa. Idan mun ga haka, bulala ba ta da amfani. A jawo shi jiki, a tambaye shi abin da ya gani, a amsa masa da gaskiya a gajarce daidai da shekarunsa, a nuna masa manya suna nan suna kula da shi. Idan abin ya daɗe, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Ba mu faɗi wannan domin mu ɗora wa iyaye laifi ba. Mun san dalilin da ya sa dandali ya mutu a ƙauyuka da yawa. Uwa da ta hana ɗanta fita bayan faɗuwar rana tana da gaskiya. Iyalin da suka baro gonarsu suka kama hayar ɗaki guda a Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya, ba filin wasa, ba kaka, ba maƙwabcin da aka sani, ba abin mamaki ba ne su miƙa wa yaro waya domin ya zauna wuri ɗaya. Waɗansu yaranmu kuma ba a waya suka ga tashin hankali ba, da idonsu suka gani. Hana 'yan bindiga zuwa ba a hannunmu yake ba. Amma hana hotonsu shiga idon ɗan shekara uku, wannan kam yana hannunmu.

ABIN DA SHEKARAR 2021 TA KOYA MANA

To, a jefar da waya ke nan? A'a. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. An hana sana'ar cajin waya, an kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Sai a watan Disamba aka fara maido da layi. A watannin nan mun ga amfanin waya da idonmu. Ba a iya kiran mota ga mai naƙuda, ba a iya gargaɗin ƙauyen gaba, ɗa yana Legas ba ya iya jin lafiyar tsohuwarsa, mutane suna tafiya mai nisa neman inda layi zai kama. Haka kuma a 2020, da aka rufe makarantu saboda cutar korona, ta rediyo da talabijin ne aka yi ƙoƙarin ci gaba da koya wa yara darasi.

Saboda haka waya kamar wuta take. Da ita ake dafa tuwo, amma ba mai hankalin da zai ba ɗan yaye garwashi ya yi wasa. Akwai kuma amfani mai kyau ko ga yara. Yaro ya ga fuskar babansa da ke aiki a Abuja ta kiran bidiyo, suna magana suna amsa wa juna, wannan hira ce ta gaske. Shirye-shiryen da aka tsara domin koyar da yara, irin Sesame Square wanda aka fara nunawa a Nijeriya a 2011, suna taimakon yaron da ya kai shekara uku wajen haruffa da ƙirga, musamman idan babba yana zaune tare da shi yana tambayarsa abin da ya gani.

SHAWARWARI

Muna roƙon kowane gida da kowace ƙungiya ta Ekklesiya su duba waɗannan:

1. Yaron da bai kai shekara biyu ba, kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, sai dai gaisuwa da dangi ta kiran bidiyo. Daga shekara biyu zuwa biyar, kada ya wuce awa ɗaya a rana, babba ne kuma zai zaɓi abin kallo.

2. Lokacin cin abinci, da lokacin addu'ar iyali, da awa guda kafin barci, a ajiye waya. Dokar ta fara daga kan maigida da uwargida.

3. Hoton gawa, ko na jini, ko muryar wanda aka sace, kada a buɗe shi inda yara suke. Wanda ya zama dole ya ji, ya koma gefe. Bayan haka a goge shi daga wayar da yaro ke taɓawa. Kada kuma a tura irinsa cikin zauren WhatsApp na Ekklesiya. Ana iya sanar da rasuwa a nemi addu'a ba tare da hoto ba.

4. Kada a sa hoton yaro a intanet da rigar makaranta, da sunan makarantar, ko unguwar da yake. A wannan zamani ba mu san wanda ke kallo ba.

5. Idan za a kai katin memori wurin mai tura fina-finai, babba ya je da kansa, ya kuma duba abin da aka zuba kafin ya shiga gida.

6. Zumuntar Mata ta tsara yadda iyaye mata za su riƙa karɓa-karɓa wajen tara yaran unguwa da rana a gida ɗaya mai tsaro, ko a harabar majami'a, su yi guje-guje da 'yar gala-gala da ƙera motar kara. Idan dare ya gagara, rana tana nan.

7. A lokacin sujada, maimakon miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru, a kai shi ajin ƙananan yara. Dattawa su tabbata ajin yana da malamai da tabarma da allo.

8. Kakanni, ba ku yi ritaya ba. Tatsuniya da kacici-kacici da karin magana makaranta ce, kuma babu kuɗin makaranta. Iyaye maza, ko minti goma kowace yamma a zauna da yaro a ji labarinsa. Uwar da ba ta yi boko ba kada ta rena kanta. Idan tana tsince wake tana ƙirgawa tare da ɗanta, tana gaya masa sunan kowane abu, ta riga ta fara koya masa karatu da lissafi.

KAMMALAWA

Iyayenmu da suka kafa wannan Ekklesiya yawancinsu manoma ne, da yawa kuma da girmansu suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, da fitilar aci-balbal. Ba su bar mana dukiya mai yawa ba, amma sun zauna da mu, sun yi mana magana, sun saurare mu, shi ya sa yau muke da bakin yin jawabi. Yaran da ke zaune a gaban nan ba su roƙe mu sabuwar waya ba tun suna ciki. Fuskarmu da muryarmu suke nema, da gida inda tsoro ba ya bin su har shimfiɗa. Rigakafi ya fi magani. Bari kowane gida ya koma yau da shawara ɗaya daga cikin waɗannan, ya fara aiki da ita tun daren nan.

Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya komo da waɗanda suka warwatse zuwa gidajensu da gonakinsu, ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa a hannunmu. Ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.